Wa Ya Lotsa Mini Madigadi?

Ku gyara zama, 'yan uwa masu bibiyata, domin abin da ya same ni a makon nan ya fi ƙarfin in bar shi a ciki. In ban faɗa wa wani ba, guduma zan ɗauka in fasa wani abu, kuma komai na garejinmu da tsada yake.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Ombretta Sghedoni, shekarata talatin da ɗaya, ina bugun bodin tsofaffin motocin tsere a garejin mahaifina da ke bayan gidanmu a Formigine, kusa da Modena. Ba irin bugun nan da za a cika rami da bodi-fila a shafe da fenti ba. A wurinmu, in ka ambaci bodi-fila, Papà zai ajiye abin da ke hannunsa ya dube ka kamar ka zagi kakansa. Mu fallen alminiyum muke ɗauka, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, mu ɗora a kan kututturen icce mai rami, mu yi ta bugu, mu kara a jikin kwarangwal ɗin katako mu gani, mu koma mu buga, har sai ya zama kafaɗar mota. Hannuwana kuwa kada ku tambaya. Mamma ta ce ranar da za a sa mini zobe, sai dai a je wurin masu gyaran famfo a zaɓo.

Mamma ɗin nan, Wilma, mace ce da ko shara za ta fita zubarwa sai ta shafa jan-baki ta sa ɗan kunne. Tun da 'yar ƙanwarta ta yi aure ta haifi tagwaye, ban ƙara cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. In na ce a miƙo mini gishiri, sai ta ce, "Ga shi. Wasu dai mazajensu ke miƙa musu."

Wanda take mini wannan habaicin saboda shi kuwa shi ne Dottor Gualtiero Pivetti, mai kantin magani na bakin dandali, da muke kira Dottore, wato dakta. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ya kawo mana motar kakansa, wadda ya tono a rumbun gona ƙarƙashin kashin kaji. Guaitoli ce ta 1953, ƙirar wasu 'yan uwa biyu a Carpi da suka ƙera 'yan ƙalilan, suka yi faɗa a kan kafireto, ba su ƙara gaisawa ba har suka mutu. Ba rufi, ba taga, gilashin gabanta bai fi tafin hannu biyu ba. An yi ta ne don gajerun mutane marasa tsoro. Shi kuwa Dottore dogo ne har abin ya so ya zama rashin kunya. Ranar da ya fara gwada zama a ciki, gwiwoyinsa suka rufe masa kunnuwa, sai da muka kwance sitiyari kafin muka zaro shi.

Kullum da yamma in ya rufe kanti sai ya hau kekensa ya zo, wai duba aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuya don kada ya bugi fitila, ya miƙo mini kwalbar man shafawa na hannu.

"Sannu da aiki, Signorina Ombretta."

"Yauwa, Dottore."

Shi ke nan fa. Sai ya yi ta kallon taya ɗaya har rana ta faɗi, ya tafi. Man shafawar da ke ɗakina yanzu ya isa in buɗe masa reshe.

Za ku tambaye ni ko ina sonsa. Ni dai abin da na sani, na kama kaina ina canza rigar aiki da la'asar, ina goge baƙin man da ke goshina a madubin wata tsohuwar mota. Ku fassara da kanku.

Amma ba maganar so kaɗai ke kan motar nan ba. Likita ya hana Papà ɗaga guduma saboda kafaɗarsa, don haka Guaitoli ce mota ta farko da na buga ni kaɗai daga hanci har wutsiya. An gayyace ta wani baje kolin tsofaffin motoci a bakin tafki, inda dattawa masu tabarau ke durƙusawa suna leƙen kowace kusurwa. Papà ya ce in suka kasa gane inda tsohon ƙarfe ya ƙare nawa ya fara, zai sauke allon gareji ya sa a rubuta: Sghedoni da 'Yarsa. Ban nuna masa ba, amma ranar da ya faɗa sai da na shiga ɗakin fenti na yi kuka. Mun gama komai, an fesa mata shuɗi mai haske irin na asali, wanda na gano ɓoye a bayan maƙalar ƙofa. Mai tirela zai zo ɗaukarta ranar Alhamis.

To, makonni kaɗan da suka wuce na shigo da safe, na yaye mayafin mota, na ga madigadin hagu ya lotse daga sama, kusa da fitila. Ihun da na yi sai da tantabarun maƙwabta suka tashi.

Papà ya shigo da kofinsa, ya duba, ya ce, "Kyanwa ce."

"Kyanwa? Papà, sai dai in kyanwar nan da guduma take yawo."

"Kyanwoyin yanzu ƙoshi gare su."

Na haɗiye, na gyara, aka sake fesa wurin. Aikin da ya kamata a ce an gama ya ƙara kwanaki, Dottore kuma ya ci gaba da zuwa da mansa. Sai ranar Asabar ɗin nan, ana saura 'yan kwanaki tafiya, na yaye mayafi na sake ganin wata lotsewar. Madigadin dai, amma can baya, wajen ƙofa.

Na zauna a kan taya na yi tunani. Makullin gareji ni ce da shi, sai Papà, sai wanda ke rataye a kicin. Kuma ranar Juma'a da yamma na bar Dottore shi kaɗai a bakin gareji na shiga gida wanke hannu. Wa ke cin riba in mota ba ta bar garejin nan ba, in ba shi ba? Na ɗauki waya.

Ni: Dottore, ka zo gareji yanzu.

Shi: Akwai mutane a kanti. Lafiya dai?

Ni: Su sha ruwan ɗumi. Ka zo.

Shi: Ina tafe. In zo da man shafawa?

Ni: Ka zo da gaskiya.

Ya iso da farar rigarsa ta kanti, maƙale da biro a aljihu, yana haki. Na nuna masa wurin. Ya duba, ya ɗaga kai ya kalli tagar kicin ɗinmu, ya haɗiyi yawu har maƙogwaronsa ya yi tafiya mai nisa ya dawo.

"Ni ne," in ji shi.

Na so a ce ya musa. Na riƙe murya na ce, "Da me?"

"Da... gwiwa."

"Lotsewar daga sama take. Hawa ka yi ka durƙusa?"

"Gwiwar hannu nake nufi."

"Gwiwar hannunka doguwa ce kamar sanda?"

Kunnuwansa suka yi ja kamar tumatir. "Santsi ne ya kwashe ni, Signorina. Na faɗi... a tsawo."

"Ka san wata nawa na yi a kan madigadin nan? Ka san sau nawa na jefar da falle na sake sabo, don kawai hasken da ke bi ta kansa ya tafi bai karye ba? Fita, Dottore. Motarka za ka same ta a bakin tafki. Ba sai ka ƙara zuwa duba aiki ba."

Ya juya zai fita, ya manta bai sunkuya ba, fitila ta same shi a goshi. Ya ba fitilar haƙuri, ya hau kekensa ya tafi.

Sai da na share hawaye da hannun riga sannan hankalina ya dawo. Mu masu bugun ƙarfe, lotsewa magana take yi mana. Na jawo fitilar hannu na kwantar da haskenta a jikin madigadi, na shafa da tafi. Miƙaƙƙiya ce, doguwa, ƙasanta a mulmule, ba kaifi ko kaɗan. Fenti ma bai fashe ba. A tsagar da ke tsakanin madigadi da murfin inji kuma na ga wani farin gari. Na dangwala, na shinshina, na lasa.

Fulawa.

Jama'a, abu ɗaya ne a gidanmu dogo, mulmulalle, mai fulawa: sandar murza taliya ta kakata, Nonna Zaira. Sanda ce da ta kai mini ƙirji, da ita aka kai ta gidan miji, kuma ko Papà bai isa ya taɓa ta ba. Da mutanen gida suka kwanta barcin rana na lallaɓa na ɗauko ta a bayan ƙofar kicin, na kwantar da ita a cikin lotsewar. Ta zauna ɗas, kamar don ita aka yi wurin.

Ban ce komai ba sai Lahadi, bayan an dawo coci. Mamma ta shimfiɗa farin mayafin tebur na baƙi, tana sanye da rigarta mai ruwan ganye da sarƙar lu'ulu'u. Nonna ta zuba mana tortellini, ƙananan ƙullin taliya masu nama a ciki, cikin romon kaza, ta goga cuku a kai. Na bari kowa ya kai cokali baki, sannan na ce, "Nonna, sandarki ta ji ciwo kuwa? Na ga alminiyum ɗin da ɗan tauri."

Cokula suka tsaya a iska. Papà ya sunkuya yana binciken kwanonsa kamar agogonsa ne ya faɗa ciki.

Mamma ta goge baki a hankali, ta ninke tsumman. "To, ni ce. Sai me?"

"Mamma!"

"Kada ki Mamma ni. Shekara ɗaya da rabi yaron nan yana zuwa yana kallon taya. Ke kuma kina can kina bugun ƙarfe kamar an aiko ki. In motar nan ta hau tirela, da wane dalili zai dawo? Ciwon kai za ki riƙa yi kullum kina zuwa kantinsa? Na ce a ƙara masa lokaci, ko Allah zai buɗe bakinsa."

Na juya. "Papà, kai ne ka ce mini kyanwa."

Bai ɗago ba. "Ni dai cewa na yi, in dole sai an buga, a buga kusa da fitila, inda hannu zai shiga ta ciki. Har alli na sa mata."

"Alli!"

"Na farkon ta bi alli," in ji shi, ya harari Mamma. "Na biyun ne ta yi gaban kanta. Wilma, ina na ce ki buga?"

"Ban sa tabarau ba, Ermes. Kai da ka iya, me ya hana ka?"

"Likita ya hana ni."

Nonna, wadda ba ta daina cin abincinta ba, ta ce, "Ni ban da hannu a ciki. Abu ɗaya na ce, a goge sandar kafin a kai ta. Ba a ji ba. Ga shi nan."

Na dafe kai. "To shi Dottore me ya sa ya ce shi ne?"

Fuskar Mamma ta yi haske kamar an kunna fitila. "Ai ya gan ni! Ranar Juma'a, kina ciki kina wanke hannu, na zaga ta ƙofar baya na yi abin da zan yi. Ina fitowa da sandar a ƙarƙashin rigar girki, rabinta a waje, sai ga shi tsaye. Kin san abin da ya yi? Ya ce, 'Barka da yamma, Signora,' ya riƙe mini ƙofa. Yanzu kuma kin ce ya ɗauki laifin? Ombretta, namijin da zai rufa wa surukarsa asiri tun ba ta zama surukarsa ba, a ina za ki samo irinsa?"

A nan ne na miƙe. Ban yi ihu ba, kuma ina jin shi ya fi ba su tsoro. Na ce musu madigadin nan ba abin wasa ba ne. Na ce tun ina 'yar shekara goma nake share garejin nan ina jin baƙi suna tambayar Papà ko bai da ɗa namiji. Na ce wannan motar ce za ta amsa musu, kuma mutanen gidanmu ne suka ɗauki sanda suka doke ta, don sun ga aurena ya fi sunana a kan allo muhimmanci. Papà ya cire tabarau yana gogewa da mayafin tebur. Mamma ta ce a hankali, "Ban yi zaton za ki ɗauke shi haka ba, 'yata. Na ga kina gyara komai." Nonna ta turo mini kwanona ta ce in zauna, romo ba ya jiran mai fushi.

Na zauna, domin yunwa nake ji. Sannan na faɗa musu asalin matsalar. Inda Mamma ta buga, hannuna ba ya kaiwa ta ciki. Dole a samu mai riƙe ƙarfen tokare daga ƙasa ina bugu daga sama, in ba haka ba sai an cire madigadin ɗungum, kuma ba lokaci.

Papà ya ce, "Sai mai dogon hannu ƙwarai."

Na ga leɓen Mamma yana motsi, magana na son fitowa.

"Kada ma ki fara," na ce.

"Na yi magana? Na rantse da kabarin ubana, wannan ba ni na shirya ba. Allah ne."

Litinin da safe na rubuta masa.

Ni: Na san ba kai ba ne. Ka yi haƙuri da abin da na faɗa.

Shi: Ba komai. Don Allah kada ki yi fushi da Signora Wilma.

Ni: Hannunka ya kai tsawon me?

Shi: Ban taɓa aunawa ba. Wani laifin ne kuma?

Ni: Ka sa tsofaffin kaya ka zo.

Tsofaffin kayan nasa farar shat ce mai guga har tana ƙyalli. Na ba shi rigar aikin Papà, ƙafar ta tsaya masa a ƙwauri. Muka ɗaga mota, muka cire tayar gaba, ya kwanta a kan kwali ya cusa kansa a gurbin tayar, ya zura hannu har kafaɗa da ƙarfen tokare.

"Ka ji wurin da ya kumburo ta ciki?"

"Na ji," muryarsa ta fito kamar daga rijiya.

"Tura sama a hankali. Kada ka motsa, ko ƙuda ne ya shiga hancinka."

Na ɗauki guduma mai bakin fata na fara bi gefe-gefe. Tak, tak, tak. Can sai na ji kamar yana magana.

"Signorina... tak tak... tun ranar da... tak tak... ba motar ba ce..."

Na tsaya. "Me ka ce?"

Shiru. Sannan, "Cewa na yi ƙarfen da ɗan nauyi."

Na ci gaba. Tak, tak. Ya sake farawa. Na tsaya, ya tsaya. Sai da muka yi haka har na gane: bawan Allahn nan ba ya iya magana sai ya tabbatar ba a jinsa. To, ni ma ba a banza na girma a hannun Mamma ba. Lotsewar ta riga ta tashi sumul, na shafa na ji ba komai. Sai na miƙa hannu baya na riƙa ƙwanƙwasa ƙafar benci a hankali, na kawo kunnena kusa da madigadi.

"...ni motoci ba su dame ni ba," yake cewa. "Jiri ma suke sa ni. Lasisi na yi tun ina saurayi, ban ƙara tuƙi ba. Ranar da na kawo ta, tambaya na zo yi ko akwai mai saye, in huta. Sai na tarar da ke da fensir a bayan kunne kina yi wa babanki faɗa a kan wata lanƙwasa, kina zana ta a iska da hannu. Kika juyo kika ce, 'Kai kuma fa?' Sai na ji bakina ya ce a gyara ta duka. Na ga Signora da sanda ranar Juma'a, kuma Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Ban san me zan yi da yammacina ba in motar nan ta tafi."

Na ci gaba da ƙwanƙwasa benci, ƙirjina yana bugawa ya fi gudumar. Da na ɗaga kai, ga Mamma da Nonna a tagar kicin, goshi manne da gilashi. Mamma ta haɗa hannuwa tana kallon sama.

Ya yi kusan rabin awa a kwance yana tokare wurin da ya riga ya gyaru. Ban da hujja. Daɗin ji nake.

Talata da yamma na ce za mu fita gwaji, kuma mai mota dole ya zo. Na sa tsohuwar rigar fata ta kakana, na ɗaure kaina da jan gyale, har na saci jan-bakin Mamma, kada ku faɗa mata. Muka naɗe Dottore muka saka shi a kujerar gefe, kansa ya zarce gilashi da kamu guda. Na tayar da mota. Ƙaramin inji ne, amma in ya buɗe murya sai ka ce yadi ake yagawa. Muka ɗauki hanyar Serramazzoni mai hawa dutse, kwana bayan kwana, ƙamshin mai da na ciyawa yana dukan fuska, shuɗin hancinta yana shan hasken yamma ba inda ya karye. Ni na yi wannan, na ce a raina. Da hannuwan nan da ake zagi.

A wata kwana da ake hango kwari duka na tsaya a gefe, na kashe inji. Shiru ya sauko, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa.

"Dottore, nan ba guduma. Maimaita abin da ka faɗa jiya."

Ya juyo. Gashinsa ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi launin ɗanyen ganye, ga wani ƙwaro manne a tabarau. "Kin ji?"

"Tas."

Ya lalubo ƙwayar magani a aljihu ya haɗiye ba ruwa. Ya ja numfashi. "Ombretta," ya ce, karo na farko ba Signorina, "ina sonki. Kuma amai nake ji. Amma na farkon ya fi ƙarfi. In kin yarda, zan zo gida in ga babanki."

Ku yarda da ni, amsar tana kan harshena. Amma sai na hango Mamma tana zagaya dandali tana ba kowa labarin yadda ta aurar da 'yarta da sandar taliya. Na ce a'a, ba za ta same shi da araha haka ba.

"Gualtiero, ba zan gina wa mutum mota da hannuna ya ajiye ta kamar kabad ba. Giyar motar nan irin ta da ce, sai ka taka kuloci sau biyu, ka ba ta wuta a tsakani, in ba haka ba ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ranar da ka ɗauke ta daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu ba ta yi kuka ba, ka zo ka karɓi amsarka."

Nufina a bayyane yake, ko? A dawo daga tafki, in koya masa da kaina, a hankali, mu cinye bazara duka a hanyar nan mu biyu. Ya gyaɗa kai da gaske kamar an ba shi takardar likita mai wuyar karatu.

Kuskurena ɗaya: da muka koma na faɗa wa Nonna, na ce ta riƙe a cikinta. Ta ce, "Ni? Kamar kin jefa a rijiya."

Yau Alhamis. Da sassafe mai tirela ya iso yana danna hon. Na sauko da makulli a hannu, sai na ga ƙofar gareji a wangale. Ba mota. Mayafinta kaɗai ke kan benci, an ninke shi kusurwa huɗu daidai, ninkin da mutum ɗaya ne a garin nan ke iya yi. Kekensa kuma na jingine a bango.

Papà na tsaye a tsakiyar fili, da kofinsa a hannu.

"Papà, ina motata?"

"Uwarki ce ta fita da ita."

"Mamma? Mamma ta iya tuƙa wannan?"

"Wa kike zaton ya koya mini? Kafin a haife ki, ita ke kai wa masu motoci kayansu har Bologna, ta dawo a jirgin ƙasa. 'Yan sandan hanya duk sun san sunanta."

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne. Mamma a kujerar gefe, da baƙin tabarau da gyale mai furanni, jan-baki raɗau, tana murmushi. Gefenta Gualtiero a bayan sitiyari, gwiwoyi a kunne, ido waje kamar wanda ya ga fatalwa. Bayansu ina hango hasumiyar cocin da ke can saman dutse. Ƙarƙashin hoton ta rubuta:

Mamma: Ya shiga ta biyu, ko tari ba ta yi ba. Ni shaida ce. Ki shirya amsarki.

Kafin in numfasa wani ya shigo.

Mamma: Har ta uku! Yaron nan da kai. Mun kamo gangara yanzu.

Sai kuma:

Mamma: Tambayi babanki, birkin nan sai an taka sau nawa yake kamawa? Na manta.

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na kira shi, wayar tana ta ƙara har ta katse. Mai tirela ya sake danna hon. Papà ya leƙa wayar, ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali, ya yi alamar gicciye.

"Sau uku," ya ce. "Rubuta mata da manyan baƙaƙe."

Na rubuta mata SAU UKU. Na fizgi makullin akori-kurar Papà daga ƙusa, na yi tsalle na shiga, Nonna na ƙwala mini kira daga taga wai in tafi da burodi ko za su ji yunwa. Na tayar, na kai bakin titi, sai na taka birki na sake ɗaukar waya. Na nemo sunansa, wanda har yau yake ajiye a matsayin "Dottore Guaitoli", na rubuta masa harafi ɗaya tak:

E.

In ma rami za su faɗa da motata, gara ya faɗa da amsarsa a aljihu.

Har na wuce fitilar ƙarshe ta gari na kama hanyar dutse, ba wanda ya buɗe saƙona a cikinsu.